"Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi": ita ce "tit for tat" ta Bature?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Malaminmu na Turanci ya ba mu "tit for tat", ya ce mu kawo karin maganar Hausa da ta yi daidai da ita. Kusan duk ajin muka rubuta "ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi", ya ce mun faɗi. Don Allah manya, wa ke da gaskiya?

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Malaminku ya fi ku gaskiya, ƙanena. "Tit for tat" awo ne daidai wa daida: ka mare ni sau ɗaya, in mare ka sau ɗaya, an tashi. Tamu kuwa cewa take yi ramuwar ta zarce laifin farko. Wanda aka tsokana ya kwana yana kitsa yadda zai rama, shi ya sa dukansa ya fi shiga jiki. Haka kalmar Turanci "retaliate", wato ramawa, ita ma asalinta Latin ne, daga "talis", wato "irinsa". A da Turawa kan yi amfani da ita har wajen sāka alheri, daga baya ta koma ta sharri kaɗai.

Uwar Biyu: Malam, ni fa tun ina yarinya na ɗauka gayyar noma ake nufi. An zo an taya ka noma ka sha daɗi, ranar da za ka je gonar wani ka biya bashi sai ka ji rana ta fi zafi.

Malam Bazazzagi: Hajiya, fassararki ta ba ni dariya, kuma tana da ma'ana. Amma dubi inda ake faɗarta. Ba a gona ake jin ta ba, sai an yi faɗa. Gayyar nan ita ce ta "da gayya ya taka ni", wato da gangan don ya ƙuntata mini.

Uwar Biyu: Ban sallama ba tukuna. "Rama" ai ba ta mugunta ba ce kaɗai. Muna rama azumi, muna rama biki.

Sarkin Musu: Ku bar wahalar da yaro. Ya rubuta "rama cuta ga macuci ibada ne", magana ta ƙare.

Alaramma Na Gusau: A'a, Malam Sarki, a yi hattara da wannan. Karin maganar Bahaushe ce, ba aya ba ce, ko da yake kalmar ibada da ke cikinta tana sa wasu su ɗauke ta kamar hukunci. Abin da ke cikin Alƙur'ani ya sa iyaka. Suratun Nahli aya ta 126 ta ce in za ku rama, ku rama da kwatankwacin abin da aka yi muku, in kun yi haƙuri kuwa shi ya fi. Shura aya ta 40 ta ce sakamakon mummuna mummuna ne irinsa, wanda ya yafe ladansa na wurin Allah. Ma'ida aya ta 45 kuma nan ne ido da ido, haƙori da haƙori, kuma ƙisasi aikin alƙali ne, ba na wanda ya ji haushi ba.

Baƙo A Amurka: Bari in ƙara wa Malam Bazazzagi hujja. A 1980 wani malami a Jami'ar Michigan, Robert Axelrod, ya shirya gasar manhajojin kwamfuta, kowace ta zaɓi ko ta yi amana da abokiyar wasanta ko ta cuce ta, a yi ta maimaitawa. Wadda ta ci ita ce ta wani masani, Anatol Rapoport, sunanta Tit for Tat. Dabararta biyu ce kacal: ta fara da amana, daga nan duk abin da aka yi mata a zagayen baya shi za ta mayar. Ba ta fara cuta, ba ta ƙari, ba ta riƙo. Aka sake gasar da manhajoji 62, ita ta sake ci.

Sarkin Musu: To ai ka ga kwamfuta ma ta yarda a rama!

Baƙo A Amurka: Ta yarda, amma kana daina cutarta take dainawa. Mai ramuwar gayya yana dainawa?

Inna Ta Maraɗi: Abin da ke damuna shi ne labarai. Jaridun Turanci su ce "reprisal attack", a rediyo mu ji "harin ramuwar gayya", alhali sau da yawa waɗanda aka far wa ba su ji ba ba su gani ba, ƙauyensu ko yarensu kawai ya zo ɗaya da na mai laifi. Wannan ba rama wa kura aniyarta ba ne, kurar tana can daji.

Ɗan Fagge: Na gode iyayena. Saura "answer back", ita ma tana cikin aikin.

Uwar Biyu: Wannan mai sauƙi ce, ɗana. Tsiwa ke nan, babba na faɗa yaro na mayarwa. Amma kar ka haɗa ta da habaici ko gugar zana. Mai tsiwa gaba da gaba take yi, mai habaici kuwa kaza za ta kora tana zagi, kishiya na ɗaki tana ji.

Malam Bazazzagi: Ka rubuta "ka yi mini, in yi maka" a ta farko, wato "tit for tat". Hajiya, batun gayyar noma kuma ina nan ina jiran misali ɗaya daga bakin manoma.