Mai rabon faɗa ko mai riƙe hannun ɗaya?

Ɗan Mai Wurno: Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi, rediyo na ta labarin Gaza, sai wani tsohon ɗalibina ya juyo: "Malam, ƙasar da ke ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, ta yaya za ta raba faɗan nan?" Wallahi har shayina ya huce ban samu ta cewa ba, ni da na tsufa ina koyar da tarihi. To ina tambaya: Amurka kasawa ta yi, ko ba ta ga dama ba?

Alhaji na Gadarif: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kasawa ba ce. A 1957 shugaban Amurka Eisenhower ya murza wa firaministan Isra'ila Ben-Gurion gashin baki, Isra'ila ta janye daga Sinai. A 1991 Bush babba ya riƙe wa Isra'ila lamunin bashin dala biliyan 10 saboda gina matsugunan Yahudawa a yankunan da ta mamaye, a shekarar kuma firaministanta Shamir ya zauna a taron sulhu na Madrid ba don ransa ya so ba. Amma dubi yarjejeniyar Oslo ta Isra'ila da Falasɗinawa, 1993: an yi musafaha a Fadar White House, aka ce batun Ƙudus da 'yan gudun hijira da matsugunai sai nan gaba. Gaban ke nan har yau.

Maman Sadiya: Baba Alhaji, ni abin da aka yi mana a nan ya fi ci mini rai. A 2020 tun asuba nake layin burodi a Omdurman, goye da yarinya, a lokacin aka haɗa mana ciniki: Sudan ta biya diyyar dala miliyan 335, ta daidaita da Isra'ila, a cire ta daga jerin masu goyon bayan ta'addanci. Mu da a Khartoum ɗinmu ne shugabannin Larabawa suka ce wa Isra'ila "a'a" sau uku a 1967! Falasɗinawa ko kujera ba a ba su ba.

Abu Hamza, Kassala: Yaya, a faɗi na kowa. Shugaban Amurka Carter ya dage kwana 13 yana sasanta Masar da Isra'ila a Camp David a 1978, Masar ta karɓo ƙasarta ta Sinai. Kuma tun 2007 ƙungiyoyin Falasɗinawa na Fatah da Hamas kowa ya ja tunga, wannan ma ya karya gwiwa.

Ɗan Mai Wurno: Na gode, Alhaji. Gobe zan nemo yaron, daga 1957 za mu fara.