Neman kalma: me za mu kira gitar da ke zubar da kai ƙasa?

Ɗan Birni

Salamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata matsala ta gitar lantarki da masu Ingilishi ke kira neck dive, masu Faransanci kuma su ce piquer du nez. Ka rataya gitar a kafaɗa, ka miƙe tsaye, ka saki hannun hagu, sai wuyanta ya yi ƙasa, gindinta ya ɗaga. A fadarmu kowa cewa yake "ai nauyi gare ta". Ni ban yarda ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga dalilina. Makaɗan Amurka da laba suke awon gitar, laba ɗaya kuwa giram 454 ce. Wadda ba ta kai laba 7 ba, wato wajen kilo 3 da giram 200, suna ce mata marar nauyi. Laba 8 tsaka-tsaki ce. Daga laba 9, wato an haura kilo 4, sai ka ji an fara kukan kafaɗa. Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, yawanci tana kusa da kilo 3 da rabi. Les Paul ta Gibson, ta 1952, takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, wasu na shekarun 1970 ma sun taɓa kilo 5, don jikinta katako ne mai kauri dangin maɗaci, an kuma ɗora masa wani katakon a sama. SG, da Gibson ya fitar a 1961, siririya ce, wajen kilo 3. To wadda ta yi ƙaurin suna da zubar da kai ita ce SG, mai sauƙin ɗauka. Les Paul da ke gajiyar da mutum tana nan zaune daram inda ka aje ta. In mun ce "nauyi" mun ɗora laifi a kan wadda ba ta yi ba. Wace kalma ce za ta dace?

Makaɗin Zengu

Wa alaikumus salam yayana. Wallahi ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mai nauyi kafaɗa da ƙugu take ci. Waccan kuwa wuyan hannu take ci, don hannun hagu aiki biyu yake yi, yana danna tsirkiya yana kuma tallabe da gitar kar ta tafi. A kiɗan biki, in aka tashi tun bayan isha'i har dare ya raba, yatsu ne ke fara yi maka gardama. Mu tuni muna da sunan da muke tsokanar juna da shi: gyangyaɗi. "Gitar wane tana gyangyaɗi." Kowa ya gane, kowa ya yi dariya. A bar shi haka mana.

Malamin lakwal

Ƙanena, gyangyaɗi ta yi daɗin ji, ba na musu. Amma mai gyangyaɗi kansa ya yi ƙasa ne ya zabura ya ɗago da kansa, ya sake komawa. Gitar in ta tafi ta tafi, sai ka sa hannu ka dawo da ita. Kuma wanda bai taɓa riƙe gitar ba in ya karanta "tana gyangyaɗi" zai zaci sautinta ne ya yi sanyi ko kiɗan ne ke sa barci.

Ni kalmar da nake gani ita ce rinjaye. Ku tuna mangala a bayan jaki. Mai jaki ba ya cewa kaya sun yi nauyi in gefe ɗaya ya fi ɗaya, cewa yake kaya sun rinjaya. Kayan na iya zama ƙaiƙayi ne marar nauyi, su kuma rinjaya. Na iya zama yashi ne, su zauna daidai. Abin da Ɗan Birni ya bayyana ke nan babu ragi. Na san yanzu kunnuwanmu sun saba jin rinjaye a labarun zaɓe da majalisa, amma can ɗin ma ma'anar ɗaya ce, ɓangare ya fi ɓangare. Sai mu ce rinjayen wuya.

Mai gurmi

Malam, a yi mini haƙuri in sa baki, ni ban iya ta lantarki ba, gurmi na gada. Rinjaye ta zauna. Amma wuya fa? Wane ne ya ce muku abin kiɗa wuya gare shi? Mu abin da ke fitowa daga ƙoƙo, wanda tsirkiya ke bi ta kansa, sanda muke ce masa. Wuyan nan daga Ingilishi kuka kwaso shi. Su kansu Faransawa manche suke cewa, irin yadda za ka ce ƙotar fartanya, kun ga kowa da nasa. Ga kuma wata: a rubuce, wuya ta jiki da wuya ta wahala ba su da bambanci. Yaro ya ga "rinjayen wuya" a waya, sai ya ce wa'azi ne kan haƙuri.

Malamin lakwal

Baba, wannan ta biyun ta kama ni. To rinjayen kai? Tunda kan ne ke ɗauke da makullan ɗaure tsirkiya guda 6, su ne ke jan ta.

Mai gurmi

Kai ma haka ne, ɗana. Kai na bisa wuya, kai na "kai ne ka yi", kai na "son kai". Ka guje wa rami ɗaya ka faɗa uku.

Ɗan Birni

Baba ya yi gaskiya, kuma sanda ta fi kusa da ainihin abin da ke faruwa, don ba kan kaɗai ke ja ba. Ku duba inda maɓallin maratayi yake. A Stratocaster, ƙahon sama, wato tsinin jikin gitar da ke fitowa ta gefen sanda, ya miƙe har kusan gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin sandar da ake danna tsirkiya a kansu, a bakin ƙahon aka kafa maɓallin, saboda haka maratayi ya kamo gitar daga can gaba. A SG maɓallin yana baya, daidai inda sanda ta haɗu da jiki, sandar kuma kusan dukanta a waje take, jikin ga shi siriri ba shi da abin da zai danne ta. Duk abin da ke gaban maɓalli yana ja ƙasa, duk abin da ke bayansa yana riƙewa. In na gaba ya fi ƙarfi, shi ke nan. Thunderbird, gitar bas, wato mai kaurin murya, da Gibson ya fitar a 1963, ita ma an san ta da wannan hali, ga doguwar sanda ga babban kai ga babu ƙahon kirki.

Abin da ya fi shafar mu a nan Damagaram shi ne yawancin gitocin da ke hannunmu kwaikwayo ne, ba na asali ba. Ana yi musu jiki da katako marar nauyi don arha, amma sanda da makullai ƙarfensu da tsawonsu na nan yadda suke. Sai ka ga mai saye ya ɗaga ta da hannu ɗaya a shago yana murna ba ta da nauyi, bai rataya ba. Ranar kiɗa ya gane.

Makaɗin Zengu

Shi ya sa ba ka cika ganin makaɗan Agadas da wata siffa ba sai ta Stratocaster. Mdou Moctar, sanannen makaɗin nan ɗan Nijar, shi ma ita yake kaɗawa, ta bahago. Mutumin da zai yi ta juyi a fili yana tafi yana rawa ba ya son abin da sai ya yi ta reno.

Badukun Birni

Ku dai ku gama da kalmarku, magani na wajenmu. Maratayin leda da ke zuwa tare da gitar santsi gare shi, in kuwa ka sa shadda mai sitati to ya samu hanya, zamewa zai yi ta yi. A yanka fata mai faɗin yatsa huɗu, a bar gefen da ba a goge ba ta ciki, shi zai kama riga. Faɗin yana raba nauyi a kafaɗa, kaushin yana hana zamewa. Sai dai in rinjayen ya yi yawa, rigar ce za ta biyo maratayi ta tattare maka a wuya. A nan sai a matsar da maɓalli ko a canza makullai da marasa nauyi, wannan kuma ba aikin baduku ba ne.

Ƴar Sabon Gari

Yayyena, tunda ana kan nauyi, ga wata. Tun farkon shekarun 1980 Gibson ya fara huda ramuka 9 a cikin jikin Les Paul kafin a rufe da katakon sama, don ta rage nauyi, daga waje ba ka ganin komai. Weight relief suke cewa. Ni rarake nake ce masa, gitar kuma rarakakkiya. Ya yi?

Malamin lakwal

Ya yi, ƙanwata, wannan ba sai an ja ba. "Rage nauyi" ita ce fassarar kai tsaye, amma ba ta faɗi yadda aka yi ba, rarake kuwa ta faɗa. Kuma kalmomin biyu suna haɗuwa a magana ɗaya: in aka cika rarake jiki, sanda ta rinjaya.

Ɗan Birni

To madalla. A rubutu zan riƙa sa rinjayen sanda. A baki ba sai an kawo sandar ba, "tana rinjaya" ta isa, wadda ba ta yi kuma a ce "tana zaune". Mai saye ya tambayi abu biyu, kilo nawa ce, sannan tana rinjaya ko tana zaune. In mai shago ya ce bai sani ba, a roƙi maratayi a gwada a gabansa.

Makaɗin Zengu

Na ji, zan rubuta rinjaye in ina rubutu. Amma ta abokina da muke kiɗa tare, Malam, ka zo ka gan ta da idonka, wannan gyangyaɗi take yi.