Mac Pro ta 2013 ba ta da gurbin faifai ko na kati: in saya ko in ci gaba da tsohuwa?

Mai Tace Bidiyo, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple.

Sana'ata tace bidiyo, yawanci na biki da talla, wani lokaci fim mai dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. Mac Pro ta 2012 nake aiki da ita, babbar nan mai ruwan azurfa da hannaye a sama. Na cika gurabenta huɗu da faifan ajiya, na canza mata katin hoto, na kuma sa mata katin USB 3 tunda da USB 2 ta zo. Har yau tana aiki lafiya, sai dai tsarin aikinta, macOS, ya tsaya a zubin Mojave, nauyinta ya kai kilo 18, ga shan wuta. Idan aka ɗauke wuta da rana, batirin inbata ba ya jimawa da ita.

Wani mai kawo tokumbo ya nuna min ta 2013, baƙar nan mai zagaye, RAM gigabait 32, katin hoto D500, kuma kuɗin bai fi ƙarfina ba. Da na zare murfin na duba, babu inda mutum zai sa faifai ko ɗaya, babu gurbin kati. Ni kuwa ayyukan jama'a na shekaru suna kan faifayen nan huɗu, kuma amarya takan dawo ko bayan ta haihu ta ce a sake mata kwafin bikinta. Mai kayan ya ce kafofin Thunderbolt shida da ke bayanta, na jona kayan waje da kebul, sun wadatar da komai. Gaskiya ne?

Injiniya Mai Gyara, Kaduna:

Wa'alaikumus salam Malam. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, amma bai ƙarasa maganar ba.

Lokacin da Apple ya fito da ita a Disamba 2013, dabararsa ita ce duk abin da a da ake cusawa a ciki ya koma waje ta kebul. Shi ya sa tsayinta bai kai inci 10 ba, nauyinta kilo 5, fanka ɗaya tak. A baya akwai Thunderbolt 2 guda shida, USB 3 huɗu, kafar Ethernet biyu da HDMI ɗaya. Kafofin shida ɗin nan ba hanya shida ba ce, hanya uku ce, kowace biyu suna raba gigabit 20 a sakan, HDMI ma tana kan ɗaya daga cikinsu. In ka jona babban allo da akwatin faifai a hanya ɗaya, za su yi ta rabon gudu.

Ga faifan ajiya wannan gudun ya isa har ya yi yawa, domin faifai mai juyawa ɗaya da wuya ya wuce megabait 200 a sakan. Matsalar tana wurin katin hoto, idan ka so jona shi ta waje. Gigabit 20 daidai yake da gigabait biyu da rabi, alhali cikakken gurbin kati na PCIe ƙarni na uku yana ɗaukar kusan gigabait 16. Katunan hoto na FirePro biyu da ke cikinta, wato D500 ɗin, kuma ƙirar musamman ce, ba irin da za ka saya a kasuwa ka maye gurbinsu ba. Yadda ka canza kati a tsohuwarka ka ƙara mata shekaru, a wannan ba za ka iya ba. RAM tana canzuwa, gurbi huɗu ne har gigabait 64, SSD, wato faifanta na ciki, ma tana cirewa amma bakinta na Apple ne, sai da adafta.

Yanzu zo mu yi lissafin da mai kayan bai yi maka ba. Faifayenka huɗu suna buƙatar akwati na waje. Mai Thunderbolt 2 ya yi wuya a kasuwa saboda duniya ta koma USB-C, kebul ɗinsa ma nema ake. Akwai adaftar Apple da ke haɗa Thunderbolt 3 da 2, amma ba ta ba na'ura wuta, dole abin da za ka jona ya kasance mai nasa soket. Ba ta da kafar katin SD, sai ka sayi na waje. Idan kana buga DVD wa masu biki, wannan ma na waje.

Abin da ya fi damuna da ita a yanayinmu shi ne wuta. Gaskiya ne na'urar wutarta wat 450 ce, ta tsohuwarka 980, to batir zai ɗan huta. Amma a tsohuwar, faifai da kwamfuta wuta ɗaya suke sha, tare suke tashi tare suke mutuwa. Da zarar faifai ya koma waje, ya zama yana da nasa kebul da nasa soket. Lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, kwamfuta na iya tsayawa a kunne akwatin faifai ya ƙifta, ana tsakiyar rubuta fayil. Faifai da yawa da ake kawo min shago ta haka suka lalace, ko yaro ya taɓa kebul a kan tebur. Duk wanda zai yi aiki da faifan waje, ya sa shi a UPS ɗaya da kwamfutar.

Hajiya Mai Sauti, Jos:

Injiniya, ka yi bayani, amma ka dubi abin ta fuskar mai hoto kaɗai. Ni aikin murya nake yi, da ta 2013 ɗin nake aiki, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Fankarta ba ta shiga makirufo, ina iya ajiye ta a ɗakin da ake ɗaukar murya. Idan aiki ya kai ni wani gari, jaka nake sa ta. Na'urar sautina dama ta waje ce, ban taɓa buƙatar gurbin kati ba. Mutane da yawa sun sayi babbar akwati sun shekara ba su buɗe ta ba, gurabe suna nan babu komai sai ƙura. Ga irinsu, fitar da komai waje ba asara ba ce.

Sai dai ɗan'uwa, kai ba irinmu ba ne. Ka cika gurabenka, ka nuna kana amfani da su. Kuma ka sani ta 2013 ta tsaya a macOS Monterey, Ventura da ta biyo baya ba ta hawa kanta, sababbin manhajoji sun fara barin ta a baya.

Mai Tace Bidiyo, Kano:

Na gode Injiniya, na gode Hajiya. Maganar UPS ta shige ni. Akwai abin da ban faɗa ba: yawancin hotunan da ake kawo min yanzu 4K ne daga waya da ƙaramin jirgi mai kyamara, kuma tsohuwar tana tsinkewa a kansu. Ta 2013 za ta magance wannan?

Dattijon Edita, Zoo Road:

Ba za ta magance ba, ƙanena. Waɗannan hotunan yawanci H.265 ne, wani salon matse bidiyo, kuma furosesar Xeon da ke cikinta da katunan D500 duk ba su da sashen da ke warware shi kai tsaye. Furosesa ce za ta yi ta fama, sai ka koma yin ƙananan kwafi kafin ka fara yanka, kamar yadda kake yi yanzu.

Su kansu masu ƙera ta sun yarda ƙirar ta ɗaure su. A Afrilu 2017 shugabannin Apple, ciki har da Craig Federighi da Phil Schiller, sun tara 'yan jarida suka ce tsarin sanyayawar an yi shi ne domin katuna biyu matsakaita, masana'anta kuma ta karkata ga babban kati ɗaya mai zafi, wanda jikinta ba zai ɗauka ba. Saboda haka ta shekara shida kusan yadda take. Ta 2019 ta dawo akwati, gurbin PCIe takwas, gurbin RAM 12, a kan dala 5,999. Ta 2023 mai furosesar Apple ta M2 Ultra tana da gurabe, amma ba ta karɓar katin hoto, RAM kuma a manne take. Wato 'yancin da ka samu a ta 2012 bai dawo gaba ɗaya ba, kuma ina jin takaicin haka, domin mu nan da gyara da ƙari muke tsawaita ran na'ura.

Da ni ne, zan ƙara haƙuri in tara kuɗin Mac Studio ta 2022 mai M1 Max, ko ta hannu ce. Ita ma komai a waje yake, amma Thunderbolt 4 ce mai bakin USB-C da ake samun kayanta ko'ina, tana da kafar SD a gaba, tana cin H.265 ba wahala, wutarta kaɗan. Ka sayi mai RAM ɗin da zai ishe ka tun farko domin ba a ƙarawa. Tsohuwar kuma kada ka sayar. Ka bar faifayen a cikinta, ka haɗa ta da sabuwar ta kebul ɗin Ethernet, ranar da amarya ta zo neman kwafi ka kunna ta ka ɗauko, kusan megabait 110 a sakan ya ishi wannan aikin.

Injiniya Mai Gyara, Kaduna:

Na goyi bayan Dattijo. In kuma duk da haka ka ga ta 2013 ce daidai aljihunka, kada ka biya sai ka gwada. A 2016 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga wasu masu D500 da D700 da aka ƙera a farkon 2015, saboda hoto yana ɓaci ko na'urar ta daskare. Ka je da aikinka mafi nauyi, ka sa ta fitar da shi a gaban mai kayan har ta ɗau zafi, ka duba ko layi-layi ya fito a hoton, sannan ka jona faifai a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya.