Injin Kanta yana shan baƙin mai: a zuba ringi kawai, ko a sauke shi gaba ɗaya?

Mai Kanta, Gagarawa

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema a kan Kanta mai injin 4D34, marar turbo. Aikinta kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyuka zuwa Dawanau, ranar Alhamis kuma Maigatari. Yanzu duk zuwa Kano da dawowa sai an ƙara mata baƙin mai. In an taka, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, bututun numfashi na gefen inji ma yana furzarwa, da sanyin safiya kuma sai an daɗe ana kik kafin ta kama. Abin da ya fi tayar mini da hankali fitilar mai ce: in inji ya ɗauki zafi aka bar shi a silo, sai ta riƙa ƙiftawa. Ruwa ba ya raguwa, ba ta kuma tafasa.

Wani ya ce a zuba ringi (zoben fistin) da metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) inji na kan mota, kwana biyu ta koma aiki. Wani ya ce in ɗauko ɗan Beljiyam, wato tsohon inji na ƙasar waje, a kasuwar Ƙofar Ruwa in huta. Ga shi kaka ce, lokacin da mota ke ciyar da gida. Wanne ya fi?

Tsohon bakanike, Gumel

Wa alaikumus salam. Allah ya rufa asiri. Ɗana, kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Alamomin da ka lissafa gida biyu ne. Hayaƙi da shan mai da wuyar tashi na sama ne, wato ringi da silif, bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. Ƙiftawar fitila kuwa ta ƙasa ce, metal ko famfon mai.

Gwaji biyu za a yi kafin a kwance komai. A cire suwicin fitilar mai a ɗaura gej mai allura a gurbinsa, domin suwicin kansa yakan yi ƙarya. Inji da zafi, a silo allura ta kai wajen bar 1.5 (bar ma'aunin matsi ne), in an taka ta zauna tsakanin 3 da 5. In a silo ta faɗo kusan rabin bar, ƙasan ya buɗe. Sai kwamfireshan, wato matsin iska a cikin silinda: a saita bawul, a zare nozul huɗun, a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya da batir mai cikakken caji. Lafiyayye yana ba da wajen bar 25, wanda ya sauka ƙasa da 20 ya gaji, kuma bai kamata bambancin wani silinda da wani ya wuce 4 ba.

In an ɗaga tof silinda, wato kan inji, ka sa farcenka a cikin silif, ɗan ƙasa kaɗan da bakinsa. In farce ya maƙale a wata gaɓa, to maganar ringi kawai ta ƙare. Nan ne ringin sama yake tsayawa ya juya, nan silif ya fi cinyewa. Tsohon ringi ya cinye tare da wurin, gefensa ya yi laushi. Sabo kuwa gefensa da kaifi, zai riƙa dukan gaɓar nan har ya karye, ko ya fasa katangar fistin da ke ƙarƙashinsa. Ban da haka ramin ya daina zama da'ira, ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, sabon ringi ba zai taɓa kwanciya a kansa ba. Shi ya sa ake ganin mota ta yi shiru 'yan makonni bayan an zuba ringi, sai hayaƙi ya dawo. Faɗin ramin 4D34 milimita 104 ne. A auna sama, tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu. A duba ramin ringi na jikin fistin ma: a sa sabon ringi a cikinsa a zura fila gej, siririn ƙarfen auna rata, in yana rawa sama da ƙasa, wannan fistin zai riƙa tura mai sama ko da komai sabo ne.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa shi ne a gano abin da ya cinye injin. Motar da ke bin burji da yashi a yankinmu, musamman da hunturu, zargin farko ƙura ce. Ka kwance robar da ta taso daga gidan filtar iska zuwa manifol, mashigar iska ta inji, ka shafa cikinta da yatsa. In ka ji gari-gari, ko ka ga tsaga a lanƙwasar robar, ko kilif ya saki, ka kama ɓarawon. Buga filta a jikin taya da hura ta da iska mai ƙarfi suna huda takardar ta inda ido ba ya gani. A haska tocila daga ciki a wuri mai duhu za a ga ramukan. In ba a toshe wannan hanya ba, sabon silif ma haka zai bi.

Mai tani (mai yankan ƙarfen inji), Kano

Baba ya gama magana a kan sama, bari in ɗora a kan ƙasa, tunda wurinmu kayan ke zuwa.

Karanshaf ba a yanke masa hukunci da ido. Sai a ga wuya, inda metal ke zama, yana ƙyalli, amma maikiromita ta nuna ya zama ƙwai. Kowane wuya ana auna shi a wuri biyu, ta fuska biyu. In ya cinye, ana yanka shi mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, 0.75, wato abin da ake kira 010, 020, 030. Don Allah a bari sai mai yanka ya faɗi lamba sannan a sayi metal. Da yawa sukan zo da metal a leda, sai a ce a yanka karan ya dace da shi, a ci ƙarfen da bai kamata a ci ba. Kuma a kula da lanƙwasar da ke gefen kowane wuya. In dutsen yanka ya mayar da ita kusurwa mai kaifi, daga nan tsaga ke farawa, wata rana karan ya karye da lodi a kai. Ratar mai tsakanin metal da wuya ƙanƙanuwa ce, ba ta cika wuce milimita 0.10 ba a sabon haɗi, kuma akwai zaren roba na awo da ake matsewa a ciki a gani. Cusa takarda ko gwangwani a bayan metal, ko goge murfin da fayil don ya matse, ba gyara ba ne, ranar bugawar inji kawai ake matsowa da ita kusa. Wasan karan gaba da baya kuma ya zauna wajen milimita 0.10 zuwa 0.25, in ya wuce, a sauya wasoshin gefe.

A kawo konrod huɗun, sandunan da ke haɗa fistin da karan, tare da murafensu, kowanne da lambarsa, kada a gauraya. Wanda metal ya taɓa juyawa a cikinsa ramin ya buɗe, sai an gyara ko an sauya.

Silif ɗin wannan inji busasshe ne, ruwa ba ya taɓa shi, da fires ake cire shi a mayar. Wani yana zuwa a gama, wani kuma sai an matsa shi a bulok sannan a yi masa boring da honin, wato a faɗaɗa ramin a goge shi, daidai da fistin. Saboda haka a kawo bulok da sababbin fistin tare. A duba fuskar bulok da ta tof silinda da miƙaƙƙen ƙarfe da fila gej. In an goge fuskar bulok, fistin zai ƙara leƙowa sama, dole a auna leƙowar a gwada da littafi, in ba haka ba ya sumbaci bawul.

Sai wanki, wanda a ganina ya fi kashe sabon inji fiye da kayan jabu. Garin dutsen honin yana maƙalewa a jikin silif, fetur ko gas ba sa fitar da shi. Ruwan zafi da omo da buroshi, a yi ta wankewa har farin ƙyalle ya fito fari tas, sannan a busar a shafa mai nan take kafin tsatsa. Ramukan mai na cikin karan da na bulok a bi su da siririn buroshi da iska. Kular mai ita ma a wanke ta sosai, domin ɓarɓashin tsohon metal a can yake ɓuya. Kuma tunda fitila ta ƙifta, a buɗe famfon mai a auna giyoyinsa, a duba bawul ɗin da ke rage matsin mai ko ya maƙale, a wanke rariyar da ke zuƙo mai daga botom filet, kaskon mai na ƙasan inji.

Mai gyaran injekta, Haɗeja

Ranka ya daɗe Baba, na yarda da maganar ƙura, amma ba ita kaɗai ba ce. Nozul mai ɗiga ma yana cinye silif. Maimakon ya fesa gas kamar hazo, sai ya tsiyayar da shi, gas ɗin ya wanke man da ke jikin silif, ya gangara ya tsinka baƙin mai, fitila ta fara ƙiftawa. Ɗan'uwa, ka shinshina sandar awon mai. In kana jin warin gas, ko man ya yi ruwa-ruwa, to da hannun nozul a ciki.

A kai nozul huɗun kan injin gwaji. Abu uku ake dubawa: matsin da yake buɗewa, wanda a irin wannan inji yana kewayen bar 200 amma ainihin lambar ta danganta da samfurin nozul, yadda feshin yake fita ta kowane rami, da ko bakinsa na jiƙewa in an riƙe matsi ƙasa kaɗan da na buɗewa. Kada wanda ya kai hannu gaban feshin, yana huda fata. Wasar tagulla ta ƙarƙashin nozul sabuwa ake sakawa, ɗaya tak a kowane rami, a kuma tabbata tsohuwar ta fito.

Gas ɗin jarka na bakin hanya da ake haɗawa da kalanzir ba shi da santsi, yana cin famfon injekta, ruwa kuma ya fi shi ɓarna. Tunda mota za ta tsaya, a sauke tanki a wanke, a sauya filtar gas.

Mai Kanta, Gagarawa

Allah ya saka muku da alheri. Na duba robar iska, akwai tsaga ta ƙasanta da gari a ciki. Saura abu biyu: ɗan Beljiyam fa? Sannan babu tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, a motar, an ce ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa.

Direban tirela, Wudil

Ɗan Beljiyam sa'a ce, maigida. Ana samun na kirki, amma ba ka san nisan da ya yi ba. In bulok ɗinka bai tsage ba, karan kuma yana da sauran yanka, naka da aka auna ya fi wanda ba a buɗe ba. In dole sai ka saya, kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka da gej ɗin mai a jiki, an buɗe murfin zuba mai an ga ko yana hura hayaƙi, an sauke botom filet an duba metal ko da guda ɗaya ne. Ka tafi da bakanikenka, ku kuma yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaidu.

Tamostat kuwa a mayar da shi. Yana buɗewa wajen digiri 80. In babu shi, da asubar hunturu inji zai yi tafiya mai nisa bai ɗumama ba, gas ba ya ƙonewa duka, silif na ci. Mai sa tafasa lagireto ne da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko fanbel da ya saki.

Tsohon bakanike, Gumel

Madalla, ka ga hanyar ƙurar da idonka. A sauke injin.

Wajen haɗawa, a nemi ɗaki ko shago mai ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa, ba gindin bishiya iska na kaɗawa ba. Kowane ringi a fara tura shi cikin silif da kan fistin a auna ratar bakinsa. Na sama yakan faɗa tsakanin milimita 0.30 da 0.50. In ta yi kaɗan, da zafi bakunan za su haɗe ya kama. Gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama, a kuma rarraba bakunan kada su yi layi. Bayan metal a bar shi a bushe, fuskarsa ce ake shafa wa mai. Duk murfin da aka ɗaure a juya karan da hannu. In ya yi tauri a tsaya a nan a nemi dalili. Giyoyin taimin suna da alamomi, a haɗa su daidai. Ramukan kusoshin tof silinda a tsane su, domin mai ko ruwa a ƙasan rami yana iya tsaga bulok. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa, da tok renci, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da lambar littafi, ba da bututu a kan sifana ba. Ratar bawul milimita 0.40 ce, na shiga da na fita, inji da sanyi, tashin wuta kuma 1-3-4-2.

A zuba 15W-40 na dizal da sabuwar filta. A yi kik ba tare da gas ba har allura ta motsa, sannan a fitar da iska daga layin gas a tayar. Mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin manifol, in inji ya ɗauki gudu ya ƙi sauka a toshe masa iska. Kada a bar shi yana silo rabin yini wai yana sabawa, hakan yana sa silif ya yi santsi ringi ya ƙi kwanciya. Da ya ɗumama aka ga babu yoyo, a fita da shi da rabin lodi, ana sauya gudu, ba a shaƙe shi a babbar giya. Tsakanin kilomita 500 da 1,000 a zubar da mai, a sauya filta, a sake duba bawul.

Kayan awo kuma kada su hana ka. A sana'ar nan ba a hana juna aron tok renci da cen bulok na ɗaga inji, sai dai a dawo da su a goge. Ka turo bakanikenka ya karɓi namu. Ranar da za a mayar da inji ka sanar a nan da wuri, yaran gareji biyu za su zo su kama muku, ku dai tanadi sabuwar robar iska da kilif ɗinta kafin su iso.