Muhawara: shin shugabancin ƙungiya kwarjini ne?

Ɗan Fagge: Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa sai su kwashi kuɗin mambobi a tafi bitar koyon shugabanci ta kwana uku, a dawo da takardar shaida, rikici yana nan inda aka bar shi. Shugabanci kwarjini ne, wanda Allah bai ba shi ba, babu ajin da zai ba shi.

Bazazzagiya: Malam, kalmar kwarjini ce ta ɓata maganarka. Max Weber, masanin zamantakewa na Jamus da ya rasu a 1920, ya kasa dalilin biyayya gida uku: gado, baiwar da mabiya ke gani ga mutum, da dokar ofis. Na tsakiyan ya fi saurin rushewa, domin ranar da mai shi ya kwanta dama ko nasara ta guje shi, mabiya watsewa suke. Shi ya sa ake rubuta wa'adi, a raba ma'aji da sakataren kuɗi, a ce sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi.

Bakatsine: Hajiya, baiwa daban, kwarjini daban. Kwarjini shi ne mutum ya shigo zaure a yi tsit. Weber daga masana tarihin coci ya aro kalmarsa ta "charisma", wadda kika fassara da baiwa, asalinta kyautar Ubangiji. Karama ta fi dacewa.

Bazazzagiya: Karama ta waliyyai ce, Yaya. Kada ka kawo ta taron ƙungiyar direbobi.

Mai Littafin Taro: Shi tsit ɗin ma tsoro ne. A 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa sun gwada a Iowa ta Amurka: yara maza 'yan kimanin shekara 10, biyar-biyar, ƙarƙashin shugaba mai kama-karya, mai shawara, da mai sakaci. Na mai kama-karya suna aiki sosai in yana tsaye a kansu, yana fita aiki ya ja baya. Na mai shawara suka ci gaba da abinsu.

Bakatsine: Yara ƙanana ne hujjarka a kan dattawan kasuwa? Haka ku 'yan sashen koyon harkar kasuwanci kuke, kowane gwaji ku mayar da shi doka.

Mai Littafin Taro: Lewin masanin halayyar ɗan Adam ne, ba namu ba ne. Ku 'yan zamantakewa me kuka taɓa gyarawa?

Bakatsine: Robert Michels, masanin zamantakewa, tun 1911 ya nuna, a jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, cewa ko ƙungiya mai zaɓe 'yan tsiraru ke mallake ta, domin su ke riƙe da rajista, asusu da kiran taro. Mu muka gano cutar.

Ɗan Fagge: Jama'a, ni fa kuɗin bita na kawo ƙara.

Mai kula da zaure: An rufe. Abin da ya fito fili shi ne Hajiya ta yi gaskiya, tsari ke riƙe ƙungiya, kuma babu wanda ya kawo hujjar kwarjini. Batun karama saki layi ne. Mai son ƙungiyarsa ta ɗore ya sa wa'adi biyu a kundinta, a karanta rahoton kuɗi duk wata uku a gaban mambobi.