Jikka 40 don koci: gyaran jiki ne ko ɓarnar kuɗi?

Mai shago, Wadata: Salamu alaikum jama'a. Jiya na shiga wani gidan motsa jiki in tambayi kuɗin wata, aka ce jikka 20. Na ce in ina son koci ya tsaya kaina ni kaɗai fa? Aka ce sai in ƙara jikka 40, sau uku a sati. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Albashi mafi ƙanƙanta a nan Nijar jikka 42 ne tun farkon 2024, da shi wani yake riƙe gida wata guda. Maganata ita ce, duk mai ƙoshin lafiya da ya biya wannan kuɗi don a ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, ɓarna ya yi. Ku je kewayen filin Seyni Kountché bayan asuba ku ga jama'a na gudu, ba wanda ya biya dala.

Uwar ƴan biyu, Yantala: Alhaji, kai namiji ne, takalmi kawai za ka sa ka fita. Ni tiyatar haihuwa aka yi mini. Bayan wata shida na fara bin bidiyo a waya, irin wanda ake kwanciya a tashi zaune don tumbi ya faɗa. Sati uku, bayana ya riƙe, ko goyo na kasa. Wata koci mace ta zo har gida, ta ce in kwanta in ɗaga kai kaɗan, ta sa yatsu sama da cibiyata, yatsu uku suka shige. Ta ce naman cikin bai koma ya haɗe ba tun haihuwa, abin da nake yi ƙara buɗe shi yake. Da numfashi ta fara mini, da tafiya a tsakar gida. Jikka 30 na ba ta a wata, wata biyu. Yanzu ni kaɗai nake yi, kuma har gobe ina sa mata albarka.

Mai shago, Wadata: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Amma naki magani ne. Ni da masu lafiya nake.

Tsohon ɗan kokowa, Tawa: Ɗana mai shago yana da gaskiya. Mu noma da jan guga da gudu cikin rairayi suka gina mu. Ba mu taɓa ba wani kuɗi don mu yi zufa ba.

Malamin wasanni, Talladje: Baba, a gafarce ni, amma ku ma akwai manya a bakin fili masu cewa sunkuya, gyara ƙafa, kada ka ba shi ƙugu. Aikin koci ke nan, kuɗi ne dai ba su karɓa ba. Alfaga da ya kawo mana azurfar tekwando daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, a hannun mai horarwa ya yi ta zama a Jamus.

Mai shago, Wadata: Malam, Alfaga lambar yabo yake nema. Ni tumbi nake son ragewa, likita ya ce jinina ya fara hawa.

Malamin wasanni, Talladje: To Alhaji, ashe kai ma ba ka cikin masu lafiyar da kake faɗa. Bari in raba maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar, ta biya wannan, kuma a nan na yarda ba ka bukatar kowa. Amma ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati, kuma nan ne ake jin ciwo. Mai hawan jini da ya riƙe numfashi yana ɗaga ƙarfe mai nauyi, jininsa ƙara hawa yake a wannan lokacin. Bidiyo ba ya ganin fuskarka ta kumbura.

Abin da ya fi damuna shi ne wane ne kocin. Yau duk yaron da ƙirjinsa ya buɗe sai ya ce shi koci ne. Da idona na ga wani ya sa magidanci ɗaura leda a ciki yana gudu a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Sikeli ya nuna ya ragu, mutumin na murna, alhali ruwan jikinsa ne ya zube. Kafin ka ba da ko jikka ɗaya, tambaye shi inda ya yi karatu. Muna da INJS, makarantar matasa da wasanni ta ƙasa, a nan Yamai, can ake horar da malaman wasanni. In bai tambaye ka ciwon da kake da shi da maganin da kake sha ba, ko ya fara da tallar garin ƙara tsoka, kama gabanka.

Ɗalibi, Harobanda: Ni abin da Malam ya faɗa ya same ni. Kuɗin wata uku na biya gaba ɗaya don an ce za a rage mini. Kocin yana kan waya, ni ina ɗaga ƙarfe. Wata na biyu ya daina zuwa, har yau ban ga kuɗina ba. Yanzu mu biyar muka haɗu, kowa jikka 6, wani malami yana duba mu Asabar da Lahadi. Ƙarshen wata muke biya.

Tsohon ɗan kokowa, Tawa: Wannan na ƴan biyar ɗin ya yi mini. Mutum shi kaɗai da koci kamar mai jinya. Cikin tsara ake jin kunyar fashi.

Uwar ƴan biyu, Yantala: Baba, wata macen ba ta da halin shiga taro, dole sai a gida.

Mai shago, Wadata: Jikka 40 kowane wata dai har yanzu ban yarda ba. Gobe da asuba zan fara tafiyar minti 30 ɗin. Malam, in zama huɗu kawai nake so a nuna mini yadda ake ɗaga ƙarfe da numfashin, sannan in ci gaba ni kaɗai, ana samun mai yarda da haka?

Malamin wasanni, Talladje: Ana samu. Ka fara komawa wurin likitanka ya ce ka yi, kuma ka zo da awon jininka na safiyar ranar.