Kuɗi ne maganin gajiyar ma'aikatan jinya, ko ƙarin hannu?

Bala: Ni dai ina nan kan bakana. A gyara albashi da alawus na aikin dare, rabin gajiyar nan za ta tafi. Ai shi ya sa ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025.

Hajiya Rabi: Ɗana Bala, cikin buƙatun yajin aikin har da ɗaukar sababbin ma'aikata, kada ka tsallake shi. Ko an ninka maka albashi, in kai kaɗai ne a ɗakin maza da dare, ga mai ƙarin ruwa, ga mai jiran allura, ga 'yan jinya suna ƙwala maka kira, kuɗi ba zai ba ka hannu na uku ba. Wani bincike na 2002 a asibitocin jihar Pennsylvania ta Amurka ya gano duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar ƙosawarta da aiki da kashi 23 cikin ɗari, haɗarin mutuwar majinyata kuma da kashi 7.

Bala: To Hajiya, su wa za a ɗauka? A 2024 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce sama da 42,000 sun fita ƙasar waje cikin shekara uku. Ba kuɗi suka bi ba?

Zainab: Yaya Bala, ƙawata da ta tafi Ingila ba albashi take fara ba ni labari ba. Cewa take in ta tashi aiki ta tashi, ba a kiranta ranar hutu.

Malam Isa: Aikin jinya aikin lada ne, sai haƙuri.

Hajiya Rabi: Malam, haƙuri muna yi. Amma ranar da nas ta ji kukan mai naƙuda bai taɓa zuciyarta ba, abin ya wuce gajiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta danganta irin wannan ƙosawa da matsin wurin aiki da ba a magance ba. Ni abin da ke hannuna nake yi: in ina tsara aiki, ba na jera wa nas aikin dare da na safiya, hutun shekara kuma dole a tafi.

Bala: In sun tafi hutun, wa zai riƙe ɗakin?

Hajiya Rabi: Ka ga ka dawo maganata ke nan.